Lalle a Hannun Garga

"Wake-wake ai asalinsa ba zagi ba ne," in ji Baba Garga. "Sunan kaza ne. Ka ga ƙwayar wake, fara da ɗigon baƙi a ido? To, kazar da gashinta ya fito haka ita ce wake-wake. Matan garinmu ma sun fi son ta, wai ta fi iya kwanci."

"Danda fa?" na ce.

"Danda doki ne mai fari da ja, manyan faci. Kyalla akuya ce mai farar ɗamara a ciki. Saƙi kuwa zane ne da aka saƙa da baƙi da fari ƙanana-ƙanana, kamar bayan zabo. Duk an kira ni da su a layin nan. Kaza, doki, akuya, zane. Miƙo mini sabulun can."

Na miƙa masa. Yana tsugune gaban bokiti a filin da ke bayan layin masu tsire na unguwarmu a Yawunde, Briqueterie, wadda kowa ke kira Birik. A filin nan ake babbakar kawuna da ƙafafun shanu. Tagar shagon ɗinkin da nake aiki tana kallonsa, shi ya sa in aiki ya yi sauƙi nakan zagaya in zauna wurin Baba Garga. A shekarun nan kuwa aiki kullum da sauƙi yake, don ba mai ɗinka sabon kaya.

Ranar bai taɓa wuta ba tun safe. Hannuwansa yake dirza da soson buhu, baƙin hayaƙi yana sauka, fatarsa tana fitowa: baƙa a wani wuri, fara tas a wani, daga gaɓoɓin yatsu har wuyan hannu. Akwai irin farin a gefen bakinsa da fatar idonsa ta hagu.

Babba, wani ƙato da suke babbaka tare, ya ɗaga murya daga cikin hayaƙi. "Amarya! Wankan nan na yau, gidan wa za a kai ki?"

"Gidan ubanka," in ji Baba Garga, ba tare da ya ɗago ba. "An ce yana neman ta huɗu."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗauko reza, ya shiga yanke farcen babban yatsansa a hankali. A bakin farcen akwai wani siririn layi ja. Ya yanke shi, ya ɗaga mini hannun.

"Duba da kyau, idonka ya fi nawa. Akwai saura?"

"Babu, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Yau bayan la'asar zan karɓi tukubata."

Tukubar tasa tana tsakiyar layi, rabin duro ce da ragar ƙarfe a kai, da tebur, da allo a sama mai hoton damisa. Shi ya kafa ta da hannunsa. Amma watanni ke nan wani ne ke tsaye a bayanta, shi kuma yana nan baya yana ƙona kofato. Ga yadda abin ya faru, kamar yadda ya ba ni shi gutsure-gutsure, da kuma abin da na gani ta taga.

A wani ƙauye kusa da Ngaundere aka haife shi. Mahaifinsa korar shanun fatake yake yi. Garga yana saurayi ya biyo wani garke a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya sauka da su, aka kora su ta unguwar Elig-Edzoa, shi kuma bai koma ba. Wani tsohon mahauci Bakatsine ya ɗauke shi, ya koya masa yanka da haɗa yaji. Da tsohon ya rasu, Garga ya samu wuri nasa. Ya auri Jaratu, mai yi wa amare lalle. Daga baya ya aika gida aka turo masa ƙaninta, Njidda, ya koya masa sana'a kamar yadda aka koya masa.

A Birik ba a sayen nama sai an ɗanɗana. Mai saye zai tsaya ya ce, "Magida, gute," wato maigida, a ɗanɗana, mai tsire ya yanko ɗan guntu, ya dangwala a yaji, ya miƙa. In ya yi maka ka saya, in bai yi ba ka matsa gaba. Wasu a bakin wuƙa suke miƙawa. Garga da yatsu biyu yake bayarwa, don tsohon da ya koya masa ya ce ba a nuna wa baƙo wuƙa. Duk cinikin a wannan miƙawar yake. Wanda aka karɓa daga hannunsa ya yi kasuwa.

Farin ya fara fito masa shekarar da aka haifi 'yarsu ta fari. Ɗigo ne a gaɓar yatsa, sai ya yi faɗi, sai wani ya fito kusa da shi. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Ya je asibiti, likita ya duba ya ce launin fata ne kawai yake gudu, ba ya kama kowa, kuma ba ya kisa. Da ya je gida ganin mahaifiyarsa, ta riƙe hannun tana juyawa, ta ce da Fulatanci, "Nyaawe am." Ya ce mini nyaawe saniya ce fara mai yayyafin ja, irin wadda makiyayi ba ya son sayarwa.

"Wannan ne kaɗai sunan da aka ba ni ana shafa hannun," in ji shi.

Lokacin akwai kuɗi a gari. Ma'aikatan gwamnati suna zuwa daga unguwannin Cité Verte da Messa da motocinsu, su sayi nama na gida guda. Su suka sa masa Panthère, wato damisa. Wani mai fenti cikinsu ya zana masa allon nan kyauta. Mutum zai sauka daga taksi yana tambaya, "Ina mai roɗi-roɗin nan?" a nuna masa. Garga yakan ɗaga hannuwansa biyu sama ya ce, "Ga tambarin gida." Maƙwabtansa a layi suna kiransa Danda da Wake-wake, yana amsawa, don kowa yana samun nasa, ba mai jin haushin wani.

Wanda ya fi kowa tsokanarsa Njidda ne. Ƙanin mata ne, akwai wasa tsakaninsu. Yana da ikon ya faɗa wa mijin yayarsa duk abin da ya zo bakinsa a gaban kowa, kuma in Garga ya yi fushi shi za a ce ba shi da tarbiyya. Da safe yakan ce, "Yaya Garga, yau wace ƙasa ce ta ƙaru a taswirar?" Garga ya jefe shi da ƙashi, a wuce wurin.

Sai matsin nan ya zo. Aka rage albashi, kafin mutane su farfaɗo aka sake ragewa, sannan aka karya darajar sefa. Motoci suka daina tsayawa. Ka ga mutum da kwat da laktaye ya faro daga wannan bakin layin, "Magida, gute," "Magida, gute," har ya kai ƙarshe, ya goge baki ya ce duk bai yi masa ba, ya tafi gida da ƙafa. Abincinsa na yini ke nan. Masu tsire sun sani, amma ba dama su hana, don ba ka san wanda zai saya ba. Nama yana kwana. Mutanen da suka yi shekaru suna aron wuta da albasa a tsakaninsu suka koma ƙirga wanda ya tsaya a gaban wa.

Wata yamma wata madam ta Cité Verte, tsohuwar mai sayensa, ta zo da baƙuwarta. Garga ya yanko, ya dangwala, ya miƙa wa baƙuwar. Ta kalli yatsun, ta ja da baya har ta taka ƙafar wani, ta tambaya da Faransanci, da ƙarfi, ko kuturta ce. Kafin madam ta buɗe baki, mai tukubar da ke kusa ya ce, "Madam, matso nan. Mu hannunmu kala ɗaya ne."

Suka matsa. Madam ba ta waiwayo ba.

Daga ranar maganar ta shiga layi. In mai saye ya nufi allon damisa, sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Patron, a dai duba." Wasu suka ce kuturta, wasu suka ce sabuwar cutar nan ce mai ramar da mutum, wasu suka ce rabin zabiya ne, sauran rabin yana tafe. Mutanen da suka faɗi haka sun ci tuwo kwano ɗaya da shi shekara da shekaru, kuma sun san abin da likita ya ce.

Jaratu ce ta kawo shawarar lalle. Ba da mugunta ba, sana'arta ce, kuma abin da ta sani ta faɗa. Ta ce ƙafar amarya in aka ƙunsa mata aka sake, aka kuma sakewa, jan yakan tsufa ya koma kusan baƙi. In haka ne, farin hannunsa ma zai rine ya saje da sauran. Garga ya ƙi da farko. Ya ce namiji da ƙunshi? Ta ce, "Maigida, kwana kaɗan ne, ba mai ganinka. Ka ce wa Njidda zazzaɓi kake yi."

Haka ya zauna a ɗaki da rana tsaka, an rufe ƙofa, hannuwansa biyu cikin zunguru, irin dogon ƙwaryar da amare ke zura hannu a ciki. 'Ya'yansa suna leƙe ta taga suna ƙunshe dariya. Jaratu ce ke ba shi abinci a baki.

Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne yadda lalle ke kama irin wannan fatar. A inda take baƙa bai nuna ba sam. A inda take fara ya kama ja wur. Ta ce bai nuna ba tukuna, ta sake ƙunsawa. Ya ƙara ja. Da aka wanke na ƙarshe, hannun ya fito kamar an feɗe shi wuri-wuri, farata goma kuma jajaye. Jaratu ta zauna a ƙasa tana kuka tana dirzawa da lemun tsami da toka. Ko gezau.

Ƙarshen wata ne, ranar da ɗan albashin da ya rage yake fitowa, ranar da layi ke ganin mutane. Garga ya ce ba zai bar ta ta wuce ba. Ya fito.

Ranar ina tsaye a bakin layi. Njidda ne ya fara gani. Ya ajiye wuƙa, ya kama hannun Garga ya ɗaga sama, ya yi guɗa irin ta mata.

"Jama'a, ku zo ku ga amaryar yayata! Ashe zazzaɓin na lalle ne! Yaya Garga, wa ya biya sadakin?"

Layi ya ɗauka. Wani ya shiga kiɗa da bayan faranti. Mu mun san lalle in mun gan shi. Amma masu saye mutanen kudu ne, yawancinsu ba su san shi a hannun namiji ba. Abin da suka gani shi ne farin ya fashe ya zama gyambo. Wani mutum da ya riga ya sa nama a baki ya tofar a kwata, ya nemi ruwa. Wata mata ta ja ɗanta ta tsallaka titi. Ranar har maƙwabtan da suka yi dariya ba su sayar da na kirki ba.

Washegari dattawan layi suka zauna, Mohaman Bello, shugabansu, a gaba. Suka ce ba korarsa ake yi ba. Njidda ya riƙe tukuba har lallen ya fita, yana kai wa gidan yayarsa abin cefane. Garga ya yarda. Ya kasa zaman ɗaki, shi ne ya zo baya ya kama babbaka.

Jan fata bai daɗe ba ya goge. Garga ya je ya nuna. Njidda ya kama yatsunsa ɗaya-ɗaya ya ce, "Na farce fa? Ai lalle ne shi ma." Lallen farce kuwa ba ya gogewa, sai dai farcen ya tsiro ya ture shi. Garga ya koma baya yana jira. Duk Juma'a yakan yanke ɗan abin da ya fito, ya nuna mini inda jan ya tsaya. Damina ta shiga ta fita yana wannan jiran.

Wannan ne farcen da ya yanke a gabana.

Bayan la'asar ya fito daga masallaci da shuɗiyar riga mai guga. Ya ɗauko wuƙarsa a naɗe cikin ƙyalle, wadda bai taɓa bari ta shiga filin babbaka ba. Ya ce in raka shi. Muka zagaya ta lungu muka fito layi. An hura wuta, hayaƙin kitse ya fara tashi. Njidda yana tsaye ƙarƙashin allon damisa, ya yi ƙiba kaɗan, da sabuwar hula.

"A'a, Danda! Wannan kwalliya fa? Wani auren za a sake?"

"Na zo, Njidda. Duba."

Ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan tebur. Njidda bai taɓa su ba. Ya sunkuya yana kallo kamar mai tayin akuya, ya kira na kusa. "Ku zo ku taya ni, kar a ce na yi son kai." Mutum uku suka matso. Mohaman Bello ma ya taso daga bencinsa yana jan carbi.

"Ya fita," in ji Mohaman Bello.

"Jan ya fita," in ji Njidda. "Farin fa?"

"Ba a yi maganar fari ba," in ji Garga.

"Ba a yi ba don ana jin kunyarka."

Garga ya juya wurin Mohaman Bello. "Alhaji, kai ka yanke maganar. Ka ce in lalle ya fita."

Mohaman Bello ya kalli wuta. "Na faɗa, Garga. Amma ka ga yadda gari yake. Da ƙyar mutane suka fara mantawa. In ka tsaya nan, ba kai kaɗai abin zai shafa ba, duk layin ne. Kowa da iyali."

"Da hannuna na kafa wurin nan."

"Ba wanda ya ce ba kai ba ne."

Ana haka sai ga wani mutum mai furfura da tsohuwar kwat, takalminsa duk jar ƙasa. Na san shi, yana cikin masu zuwa da mota a da. Ya tsaya, ya ɗaga kai ya kalli allo, ya tambayi Njidda da Faransanci ina Panthère, shi ya ji an ce ya mutu.

"Bai mutu ba, patron," in ji Njidda. "Ya tafi arewa jinya."

Garga yana tsaye, tsakaninsa da mutumin bai fi taku ɗaya ba. Ya warware ƙyallen, ya zaro wuƙarsa, ya yanko guntu daga inda ya fi laushi, ya dangwala a yaji, ya miƙa da yatsu biyu.

"Patron, ni ne. Gute."

Mutumin ya kalli fuskarsa, ya gane shi, na ga ya gane shi. Ya kalli yatsun. Ya ce ya gode, ya riga ya ci abinci. Hannun Garga bai sauka ba. Njidda ya yanko wani, ya soka a bakin wuƙa ya miƙa ta saman hannun Garga. Mutumin ya zare ya kai baki. Ya tauna yana kallon titi. Bai sayi komai ba, ya matsa tukuba ta gaba.

Njidda ya jawo naman da Garga ya yanko guntun a ciki, ya sare gefen da wuƙar Garga ta taɓa, ya naɗe a takardar siminti, ya tura masa da bayan wuƙa.

"Kai wa yayata. Ka ce mata na gode da lallen."

"Njidda," in ji Mohaman Bello.

"Alhaji, wasa nake yi. Mijin yayata ne, in ban yi da shi ba da wa zan yi? Ko ba haka ba, Yaya Garga? Ka yi fushi?"

Duk suna kallonsa. In ya ce ya yi, gobe a ce tsoho ya kasa ɗaukar wasan ƙanin mata, ga shi kuma daga hannun yaron yake ci.

"Ban yi ba," in ji Garga.

Guntun yana hannunsa har yanzu. Ya dube shi, ya sa a bakinsa, ya tauna a hankali.

"Gishiri ya yi yawa a yajin," ya ce. "Ka rage. Ka ƙara citta."

"To, amarya. An ji."

Ya ɗauki ƙunshin takardar, ya naɗe wuƙarsa, muka koma ta lungu. Da muka kai ƙofar shagonmu ya tsaya ya cire shuɗiyar rigar, ya ninke ta a kan gwiwa, ya ɗora wuƙar a kai ya ba ni.

"Ajiye mini a wurinku, kar hayaƙi ya shige su. Wuƙar ka riƙa shafa mata ɗan mai."

"Har yaushe, Baba?"

"Ka dai ajiye."

Daga fili Babba ya ƙwala kira. Amalanke ya iso daga mayanka, ƙafafu sun yi tsibi, ƙudaje sun rufe su.

"Amarya! An fasa auren ne? Zo ka kama, rana tana faɗuwa!"

Baba Garga ya cusa ƙunshin naman a aljihun wando, ya naɗe ƙafar wandon zuwa gwiwa. Ya ɗauki ƙarfen juya wuta da ke jingine da bango, ya nufi amalanken.